Sabuwar zuma daga hannun ƙananan masu amya: me kuka ɗanɗana?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka taɓa sayen sabuwar zuma kai tsaye daga hannun masu amya na ƙauye su faɗa mani abin da suka gani. Mako uku da suka wuce na je ta'aziyya wani ƙauye gaba da Sandamu, aka haɗa ni da wani dattijo mai amya goma sha biyu a kan itatuwan gonarsa. A gabana ya matse saƙar, ya tace da ƙyalle, ya cika mani robar ruwa biyu. Ranar zaƙinta har kunne, ga ƙamshin fure. Shekaranjiya na ɗauko roba ɗaya na tarar ta kumbura. Ina murɗa murfin sai iska ta fita, kumfa ta taso, na lasa na ji tsami-tsami kamar kunun da ya kwana. Uwargida ta ce ruwa aka zuba mata. Ni kuwa da idona na ga an matse ta, kuma ba na son in zargi bawan Allah a kan abin da bai yi ba.

Tsohon Malamin Gona, Daura:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka ɗauki alhakin dattijon. Ɗanyar zuma ka sayo, wadda ba ta nuna ba. Ruwan furen da ƙudan zuma ke kwasowa yawancinsa ruwa ne. Cikin amya suke ta yi masa fifita da fukafukai har ruwan ya ragu zuwa wajen kashi 18 cikin 100, sannan su liƙe bakin ramukan saƙar da farin kaki. Wannan liƙewar ita ce shaidar nuna. In aka ɗebe ta ramukan na buɗe, ruwa ya yi mata yawa, sai yis ɗin da ke cikinta tun asali ya samu wurin aiki, ta yi tsami ta kama hanyar zama giya, musamman a zafin bazara irin namu. Shi ya sa ƙa'idar abinci ta duniya da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, suka tsara ta ce ruwan zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100.

Na yi shekaru ina yawo wurin masu amya tsakanin Baure da Zango, na san yadda abin yake faruwa. Da dare ake hawa, da wutar kara a hannu, mutum na kan reshe ƙudaje na harbinsa. Ina zai tsaya tantance liƙaƙƙiya da buɗaɗɗiya? Duk abin da hannu ya kai, cikin bokiti. Masu amyar katako irin ta Kenya sun fi samun sauƙi, don saƙa ɗaya-ɗaya suke ɗagowa su duba, wadda kashi uku cikin huɗu nata bai liƙe ba su mayar. Akwai wata 'yar na'ura, rifiraktomita, ɗigo ɗaya ake sa mata a duba a rana ta nuna yawan ruwan. In babu ita, ka karkata saƙar ka girgiza. In ta yi yayyafi, da sauranta.

Uwar Biyu:
Ni tawa ba tsami ta yi ba, ɗaci ne. Bara wani yaro daga wajen Mashi ya kawo mani, fara tas, ba ta da kauri sosai. Farkon lasa zaƙi, amma tana sauka maƙogwaro sai wani ɗaci ya biyo baya ya daɗe a bayan harshe. Har na ɗaure robar zan mayar, sai ga Inna ta zo. Ta tsoma ɗan yatsa, ta ɗan yi shiru, ta ce "wannan ai bedi suka sha." Ashe amyar tana kusa da layin itatuwan bedi, lokacin kuma suna fure. Tun daga ranar na daina tambayar "mai kyau ce?" kawai, sai in ce wane itace ke kusa, kuma yaushe aka ɗebe. Wadda aka ɗebe bayan tutun ɗorawa ta fi duhu da nauyi a baki. Wadda na samu bayan kaka, lokacin da gawo ke fure, ƙamshinta sanyi-sanyi, ita yarana suka fi so a kan burodi. Mai ɗacin nan kuwa na ajiye ta don masu tari, kuma yanzu ni da kaina nake neman ta.

Mai Shayi, Ƙofar Soro:
Malam ya gama magana a kan tsami. Abin da ni ya fi ɓata mani rai ƙauri ne. Wasu don kada su sha wahalar matsa sai su ɗora saƙar a tukunya kan wuta ta narke, kaki ya taso su kwashe. Ƙamshin fure ya tafi ke nan, sai baƙi da warin ƙonannen sukari. Wasu kuma hayaƙi ne suke cikawa wurin ɗiba har ya kama zumar. Ni gwajina a shayi ne: ruwan zafi ba madara, cokali ɗaya, in kai hanci kafin baki. Duk abin da ta ɓoye tururi zai fito da shi. Zancen gwada zuma da ƙyasta ashanar da aka tsoma a ciki, ko cewa tururuwa ba ta hawa zumar gaskiya, na gwada duka, tururuwa ta hau wadda aka matse a gabana.

Ɗan Kasuwa daga Mai'aduwa:
Ku yi mani haƙuri, kada mu wanke kowa. Shekara tara ina sarar zuma, kuma na ga algus da idona. A dafa sukari ko mazarƙwaila ya yi kauri, a gauraya da zumar gaske kaɗan don ƙamshi, a jefa guntun saƙa da matattun ƙudaje biyu-uku don mai saye ya yarda. Sau ɗaya aka yi mani da jarka guda, ban gane ba sai da masu saye suka fara dawo da kaya. Tun lokacin nake yawo da sikeli. Lita ɗaya ta nunanniyar zuma tana kai wajen kilo 1.4, wadda ta gaza sosai ruwa ya yi mata yawa. Amma sikeli ba ya kama dafaffen sukari, don shi ma nauyi gare shi. Harshe ke kama shi: zaƙinsa iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ba ya barin komai. Ita kuwa ta gaske tana canzawa a baki, ta ɗan kankare maƙogwaro.

Hajiyar Sabuwar Unguwa:
Alhaji, na yarda da kai, amma tsoron algus ma yana sa a yi asara. Da hunturun da ya wuce zumar da ƙanena ya aiko mani ta daskare, ƙasanta ya yi tsaki-tsaki fari. Na ce sukari ne, na zubar da kusan rabin galan. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Tsohon Malamin Gona, Daura:
Ayya Hajiya. Daskarewa ɗabi'ar zuma ce, gulukos, wani nau'in sukari na asali da ke cikinta, ne ke haɗuwa in sanyi ya shigo. A tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, za ta koma yadda take.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Da na je Umara na sayo zumar sidir ta Yaman, wadda ake ta yabo, musamman ta kwarin Do'an a Hadramaut, da tsada kuwa. Sai daga baya na san sidir ɗin itacen kurna ne, ɗan'uwan magarya, ga su nan cike da dajinmu. Wani mai amya a hanyar Kaita ya ba ni wadda ya ce ta magarya ce. Ba zan ce ɗaya suke ba, ta Yaman ta fi kauri da tsabta. Amma ƙamshin ya yi kusa ƙwarai, kuma na tabbata da za a bar tamu ta nuna a tace ta da kyau, ba za mu riƙa raina ta ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Tunda ana maganar zuma, don Allah iyaye mata, kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara 1 ba, ɗanya ko nunanniya. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim wadda hanjin jariri bai iya yaƙa da ita ba. Na san al'ada ce a wasu gidaje ranar haihuwa, shi ya sa nake maimaitawa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Allah ya saka da alheri. Jiya na samu yaron dattijon a waya, ya haɗa ni da babansa. Ban ma gama bayani ba Baba ya ce ya sani, ya yi saurin ɗiba ne don yara sun sauke masa amya biyu da dare a makon, yana tsoron a kwashe sauran. Ya ce in kawo robar ya canza mani, na ce a'a. Wadda ta yi kumfa na zubar, don Malam ya nuna mani tsamin nan hanyar zama giya ce, hankalina bai kwanta da ita ba. Ɗayar tana cikin firji muna sha da sauri. Mun yi da Baba cewa ɗiba na gaba zai ajiye mani a saƙarta, liƙaƙƙiya, in zo in ɗauka in matse a gida. Malam, in akwai wanda ke ƙera amyar katakon nan a Daura, ina so in kai masa guda ɗaya ya gwada.