A wane sashe na ƙwayar halitta ake samun furotin masu daidaita foliyamin?

Ɗalibar Kawo:
Assalamu alaikum. Ina karatun sinadaran jiki a nan Kaduna, kuma na fahimci cewa inzayim ODC (inzayim furotin ne mai saurinta haɗa ko rushe sinadarai a jiki) shi ke samar da futiresin, wanda daga gare shi ake gina sifamidin da sifamin. Waɗannan sinadarai uku su ake kira foliyamin. Tambayata ga malamai ita ce: a ina furotin da ke hana waɗannan sinadarai yin yawa ko ƙaranci suke zaune cikin ƙwayar halittar dabbobi masu shayarwa?

Malamin Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Mafi yawan ODC yana cikin ruwan ƙwayar, wato saitosol, ko da yake ana ganinsa a nukiliyos ma, wato cibiyar ƙwayar mai ɗauke da ƙwayoyin gado. Abin da nake so ki riƙe shi ne, furotin da ake kira antizayim na ɗaya, wanda ke kama ODC ya miƙa shi ga furotiyazom (injin rushe furotin na ƙwayar) a narkar da shi, ba shi da mazauni guda. Yana kai da kawowa tsakanin nukiliyos da saitosol, ana samunsa a sentorozom (sashen da ke taimakawa wajen rabuwar ƙwayar), kuma doguwar sigarsa tana ɗauke da alamar da ke kai ta maitokondiriya, sashen da ke samar wa ƙwayar makamashi. Furotin mai hana antizayim aiki, AZIN2, wanda ya fi yawa a ƙwaƙwalwa da maraina, yana manne da fatun yankin Golgi, inda ake shirya furotin a aika da su. A ganina wannan motsin yana cikin hanyar daidaitawar kanta.

Ɗalibar Kawo:
Na gode, Malam. To, masu rushe foliyamin fa?

Malamin Tudun Wada:
Inzayim SSAT yana yi wa foliyamin alama a saitosol, sannan inzayim APAO ya ƙarasa aikin a feroksizom, wata ƙaramar jaka cikin ƙwayar, inda inzayim katalas ke kawar da gubar da aikin ya haifar. Akwai kuma furotin ATP13A2 a fatar laisozom (jakar da ke narkar da tarkace a ƙwayar), wanda aka nuna a 2020 cewa yana fitar da foliyamin zuwa saitosol, kuma lalacewarsa na jawo wani nau'in cutar Parkinson na gado.

Likitan Dabbobi, Ungwan Rimi:
Malam ya yi bayani. Mu a Kaduna, inda hedikwatar cibiyar binciken sammore da ciwon barci ta ƙasa take, lamarin ya shafe mu sosai. Maganin ciwon barci mai suna efilonitin yana toshe ODC ne. ODC na ɗan Adam yana sabuntuwa cikin ƙasa da awa ɗaya, na ƙwayar cutar kuwa yana daɗewa bai canza ba, don haka ita ce maganin ke yi wa illa.