Shin a riƙa tambayar yaro kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa?

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum. Batun wannan mako ya fito ne daga bakin Hajiya, jami'ar walwalar jama'a da ke cikinmu, wadda ta ce duk yaron da aka kai cibiyar tallafi bayan an ci zarafinsa, ko an sace shi, ko an yi kisa a gabansa, wajibi ne a auna irin firgicin da yake ɗauke da shi, sannan a tambaye shi ƙarara ko yana tunanin kashe kansa, ko da bai nuna wata alama ba. Akwai waɗanda ba su gamsu ba. Malam, bismillah.

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. Auna firgici ban ƙi shi ba, domin a ajina na ga yaran da ba sa iya zama idan an rufe ƙofa. Tambaya ta biyu ce ke tayar mini da hankali. Yaro ɗan shekara 11 da bai taɓa sanin mutum yana iya ɗaukar ransa ba, idan babba mai farar riga ya furta masa wannan magana, ashe ba a buɗe masa ƙofar da take kulle ba? A ganina fama miki ne kawai, gara a bar kaza cikin gashinta har sai an ga dalili.

Likitan yara mazaunin Amurka: Malam, tsoron nan naka ba kai kaɗai ba ne, kuma an gwada shi. A shekarar 2005 Madelyn Gould ta Jami'ar Columbia da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a kan ɗalibai 2,342 na makarantun sakandare a jihar New York. An raba su gida biyu, aka sa tambayoyin kashe kai a takardar wasu, aka cire a ta wasu, bayan kwana biyu aka sake auna su duka. Waɗanda aka tambaya ba su fi sauran shiga damuwa ba, tunanin ma bai ƙaru a cikinsu ba. A asibitoci da yawa a nan ana amfani da ASQ, tambayoyi huɗu ne da Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta tsara, ba sa cin minti ɗaya, kuma tun 2022 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa tambayar kowane yaro daga shekara 12 zuwa sama. Jiran alama shi ne abin da na fi tsoro, saboda yaron da ya fi natsuwa a layi sau da yawa shi ne wanda ya fi ɓoye abin da ke cinsa.

Hajiya: Malam, bari in ba ka abin da na gani da idona a wani sansanin 'yan gudun hijira a Borno. An kawo mini yarinya 'yar shekara 13 saboda ta koma fitsarin kwance, kuma duk sanda ta ji ƙarar babur sai ta faɗa bayan tabarma tana makyarkyata. Duk abin da na tambaya, mahaifiyar ce ke amsawa, ita kuwa kanta a sunkuye tana wasa da bakin hijabinta, ba ta cewa komai sai "lafiya lau". Na roƙi uwar ta ɗan ba mu wuri. Ban ce mata "kina son kashe kanki?" ba, don na san a'uzubillahi kawai zan samu. Cewa na yi, "Akwai lokacin da kike jin gara a ce kin kwanta ba ki farka ba?" Ta daɗe shiru, sannan ta ce kullum, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba saboda kada a ce ta yi saɓo. Ba ni na sa mata wannan tunani ba, Malam, wata da watanni tana dakonsa ita kaɗai.

Ma'aikacin jinya a Kaduna: Likita, da girmamawa, ka kawo rabin labarin ne. A watan Oktoba na shekarar 2022, kwamitin ƙwararru mai zaman kansa da ke duba hujjojin rigakafi a Amurka ya amince a riƙa tantance yara masu shekara 8 zuwa 18 kan fargaba, da masu 12 zuwa 18 kan ciwon damuwa, amma da ya zo kan kashe kai sai ya ce hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci ba. Ni ban ce tambayar na cutarwa ba. Abin da nake tambaya shi ne, idan yaro ya ce e, sai me? Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da muka saba tura mutane suna Barnawa da Maiduguri da Kware, kuma uwar da ba ta da kuɗin mota daga ƙauye ba za ta je ba. Ga kuma doka: sashe na 231 na Penal Code, kundin dokokin hukunta laifuka na Arewacin Najeriya, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, alhali Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Takardar da aka rubuta amsar yaro a kanta, wa ke ajiye ta, wa kuma ke da ikon karantawa? Na taɓa ganin irin waɗannan takardu jibge a kan tebur, iska na kaɗa su, masu jiran layi suna leƙawa.

Likitan yara: Ka yi gaskiya a kan kwamitin, sai dai maganarsa ta shafi yaran da suka zo ganin likita ba tare da wata alama ba. Yaron da aka yi wa fyaɗe ko aka fanso daga daji ba ya cikin wannan sahu, haɗarinsa ya riga ya fi na sauran. A kan batun abin da zai biyo baya kuwa, ina bayanka. Sai dai ba kowane e ne ke buƙatar likitan ƙwaƙwalwa ba. Ana bin sa da tambayoyin da ke bambanta mai fatan mutuwa da wanda ya riga ya tsara abin da zai yi, na biyun ne ba a bari shi kaɗai ko na minti ɗaya. Shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fara a 2008, an yi shi ne daidai don ma'aikacin ƙaramin asibiti ya iya wannan matakin farko, ya zauna da iyaye, a kawar da abubuwa masu haɗari daga gida, a sa ranar dawowa.

Malamin makaranta: Hajiya, labarin yarinyar nan ya taɓa ni, kuma na janye maganar buɗe ƙofa. Inda har yanzu nake tsaye shi ne fitar da uwa daga ɗaki. Mahaifin da ya ji an keɓe da 'yarsa an yi mata irin wannan tambaya ba da saninsa ba, gobe ba zai bari ta sake taka ƙafa cibiyar ba.

Hajiya: Ba a ɓoye nake yi ba, Malam. Tun kafin uwa ta fita nake gaya mata abin da zan tambaya, ita ma yarinyar ina shaida mata cewa sirrinta na wurina, amma idan na ji ranta na cikin haɗari dole in kira mahaifiyarta. Haka aka yi ranar, kuma a gabana suka yi kukansu tare. Matsalata yanzu ita ce yaran da ba sa jin Hausa sosai, domin tafinta kan sassauta tambayar har ta koma "kina da damuwa?". Idan a zauren nan akwai mai jin Kanuri da ya yi aikin jinya, ina roƙon ya tuntuɓe ni mu zauna a kan lafazin kafin Litinin.