Ragayar tsuntsaye: sunan da ya dace da bird feeder

1/ Jama'a, ku taya ni duba wata kalma. A Amurka da Ingila mutane kan rataya wani mazubi a bayan gida su cika shi da tsaba, tsuntsaye su zo su ci su tashi abinsu. Bird feeder suke ce masa. Ni dai na tsaya a kan ragayar tsuntsaye.

2/ Akurki bai yi ba, rufe kaza ake yi a cikinsa. Komi na dabbobi ne, kuma a ƙasa yake. Maciyar tsuntsaye ta so ta yi, sai dai wani zai ɗauka wata ce mai cin tsuntsaye. Ragaya kuwa ana rataye ta ne don a nisanta abinci da ɓera, shi ma wannan mazubin saboda kyanwa ake ɗaga shi sama.

3/ Sunan kada ya yi kama da tarko ko keji, domin mai zuwa wurin da shawarar kansa yake zuwa. Ku dubi gwara. An kai su Buruklin a Amurka wajen 1851, yau sun cika ƙasar, sun saba da mutum ƙwarai, amma ba su yarda da shi ba. Ka rataya sabuwar ragaya, sai su taru a kan shinge suna leƙe, wani lokaci har kwanaki. Ɗaya ya sauka, ya tsinci ƙwaya, ya ɗaga kai, ya koma. Sai sun ga bai gamu da komai ba sauran ke biyo baya.

4/ Abin da ya fi burge ni shi ne binciken da wani masanin halayyar dabbobi, Mark Elgar, ya wallafa a 1986 a kan gwara. Gwaran da ya fara ganin abinci yakan yi kuka ya kira 'yan'uwansa idan abincin barbaje yake, zai ishi kowa. In kuwa dunƙule ɗaya ne, yakan yi shiru. Kiran ma da amfaninsa gare shi: idan ido ya yi yawa, kowa zai rage ɗaga kai neman shaho, ya ƙara ci.

5/ A Hamilton ta New Zealand an ga gwara suna shawagi a gaban na'urar da ke buɗe ƙofar tashar mota da kanta, ƙofa ta buɗe su shiga neman abinci. Amma waɗannan masu wayon, zaren kamun kifi kawai za ka saƙalo ya sauko a gefen ragaya, da yawansu su ƙaurace mata. Masu son korar su a Amurka da wannan dabarar suke amfani.

6/ Saura guda: akwai irin wanda ake kafawa a kan sanda kamar faifai, ba a rataye shi. Ragaya ba za ta ɗauke shi ba, shi ina ganin teburin tsuntsaye ya wadatar. Malamai, me kuka gani?