Muhawara: Shin man birki yana cire fentin da ya manne wa mota ba tare da ɓarna ba?

Malamar makaranta, Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Ranar Alhamis da yamma ina fitowa daga Kasuwar Dole cikin cunkoso, wani mai adaidaita ya gogi ƙofar baya ta motata, ya bar layin fenti rawaya mai tsawon kusan kamu ɗaya a kan baƙin fenti. Ƙarfen bai lotsa ba, kuma mun rabu lafiya da yaron bayan ya ba da haƙuri. Wani makanike ya ce in ɗiga man birki a tsumma in goge wurin, in bi da ruwa nan take, wai fentin adaidaitar zai fita, nawa kuma ba abin da zai same shi. Kafin in taɓa motar ina son jin ta bakin waɗanda suka san aikin.

Direban hanyar Agadas:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya kiyaye gaba. Makaniken nan gaskiya ya faɗa miki. Sau uku ina yin haka a jikin farar Hilux da nake tuƙawa, kuma duk wanda ya dube ta yau ba zai nuna wurin ba. Sharaɗin kawai shi ne sauri: a shafa, a goge, a kwara ruwa kafin mutum ya ƙirga ashirin. Waɗanda man birki ya ɓata wa mota su ne waɗanda suka bar shi ya kwana a kai.

Mai fentin mota, Zango:
Alhaji, ban ƙaryata abin da idonka ya gani ba, amma ina roƙon Malama kada ta bi wannan shawara. Mu da muke wannan sana'a mun san man birki a matsayin abin da ke cin fenti, domin kowace tsohuwar mota da aka kawo mana, idan muka buɗe gabanta, wurin da fenti ya fara kumbura yana ɓarewa shi ne ƙarƙashin gwangwanin man birki, inda yake ɗiga. Man ba ya bambanta fentin adaidaita da fentin mai mota, duka biyun yake laƙumewa, sai dai na adaidaitar ya riga narkewa saboda shi ne a sama kuma ya fi rauni.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne yadda fentin motar zamani yake. Hawa uku ne a kan ƙarfe: akwai na shimfiɗa wanda ke kama ƙarfen, akwai mai launi, sannan akwai rufin ƙyalli marar launi a sama, wanda shi ne yake kare launin daga rana. Rawayan da Malama take gani yana zaune ne a kan wannan rufi, bai shiga ciki ba, don haka aikin na kankarewa ne a hankali. Ga yadda nake yi a garejina. Ina wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, domin ƙurar garin nan yashi ce, kuma wanda ya goge mota da ƙura a jikinta samfefa ya sa mata. Sai in bi layin da farce: idan farcen yana hawa kan tudu, fenti ne ya manne, idan kuma yana faɗawa cikin rami, motar ta ji ciwo. Bayan haka in fesa WD-40, man feshin nan da ake sassauta ƙarfe mai tsatsa da shi, in bar shi ɗan lokaci ya tausasa baƙon fentin, in goge da ƙyalle mai laushi, abin da ya rage kuma in bi shi da man goge fenti mai ɗan kaushi, sannan mai laushi, in rufe da kakin mota. Duk wannan a inuwa ake yinsa, da safe, lokacin da jikin motar yake da sanyi.

Malamin kimiyya, Birni:
Baba ya faɗi abin da sana'a ta koya masa, ni kuma zan ƙara dalilinsa, tare da ba Alhaji haƙƙinsa. Man birkin da ake sayarwa a shagunanmu, mai alamar DOT 3 ko DOT 4, an yi shi ne da sinadaran gilikol, waɗanda suke narkar da fenti, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin gwangwanin cewa kada ya taɓa jikin mota. Wannan man yana haɗuwa da ruwa, saboda haka wankewa da sauri tana ɗauke shi, kuma a nan maganar Alhaji tana da tushe. Inda na rabu da shi shi ne batun cewa babu ɓarna. Kaurin rufin ƙyallin motar kamfani bai cika wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin takardar littafi ba, kuma zafi yana hanzarta aikin sinadari. Baƙar mota da ta tsaya a ranar Damagaram a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kansa yake haura digiri 40, ƙarfenta ba ya taɓuwa da hannu, to a kan irin wannan jiki ƙirga ashirin lokaci ne mai tsawo. Rufin da ya tausasa yakan dusashe daga baya, kuma farar mota tana ɓoye dusashewa fiye da baƙa nesa ba kusa ba. Ina ganin wannan ne ya sa Alhaji bai ga komai a Hilux ɗinsa ba.

Dillalin motocin Kwatano:
Akwai abin da ba a ambata ba tukuna, kuma shi ne ya fi damuna. Motoci da yawa da muke kawowa an riga an sake musu fenti a wani gefe kafin su iso, a Kwatano ko a Kano, kuma mai saye ba ya sani. Fentin kamfani an gasa shi a tanda, ya yi tauri, amma na gareji sau da yawa iska ce kawai ta busar da shi, kuma irin mai arhar nan tina kaɗan, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, tana narkar da shi. Na taɓa ganin yaron gareji ya goge irin wannan ƙofa da tina, launin motar ya biyo tsumman gaba ɗaya har na shimfiɗa ya bayyana. Malama, ko da me za ki yi amfani, ki fara gwadawa a wurin da ido ba ya gani, kamar cikin bakin ƙofa. Ni dai fetur kaɗan nake sa wa tsumma, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Mai fentin mota, Zango:
Gargaɗinka a kan motocin da aka sake wa fenti daidai ne, ƙanena. Fetur kuwa ya fi man birki sauƙi a kan fentin kamfani, amma yana wanke kakin da ke kare wurin, yana barin tabo a jikin bamba ta roba marar fenti, ga hatsarin wuta. Ya fi amfani ga kwalta da ta fantsamu, ba ga busasshen fenti ba.

Direban hanyar Agadas:
Baba, da Malam, na ji bayaninku kuma na ƙaru, amma ku tuna ba kowa ne yake kusa da shagon kayan fenti ba. Wanda aka goge shi a Tanut ko a Adarbisanat, man birki ne a motarsa, ba man goge fenti ba. Har yanzu ina kan cewa hannu mai sauri ba ya ɓata mota.

Malamin kimiyya, Birni:
Alhaji, fentin da ya manne ba tsatsa yake jawowa ba, tunda ƙarfe a rufe yake, saboda haka yana iya jira har ka dawo gari. Kuma hanyarka tana bukatar ruwa mai yawa a shirye, abin da matafiyi a wannan hanya ba ya wasa da shi, mu kanmu a cikin gari wani lokaci sai mun jira mai garuwa. Wanda ya matsu, farin man goge baki ya fi masa aminci, domin yana da ɗan kaushi mai laushi irin na man goge fenti, sai dai yana cin lokaci da ƙarfin hannu.

Malamar makaranta, Sabon Gari:
Na gode muku baki ɗaya, Allah Ya saka da alheri. Yau bayan sallar asuba na wanke wurin, na bi hanyar Baba, bayan na gwada a cikin bakin ƙofa kamar yadda aka ce. Rawayan ya fita duka cikin kusan rabin awa. Sai dai a ƙarƙashinsa na tarar da wani siririn farin layi mai tsawon ɗan yatsa, wanda farcena yake faɗawa ciki, kuma ba ya ɓacewa ko na jiƙa shi da ruwa. Baba, in ci gaba da gogewa ko in tsaya?

Mai fentin mota, Zango:
Ki tsaya haka, 'yata. Layin da yake ɓacewa idan an jiƙa shi yana cikin rufin ƙyalli ne, gogewa tana gyara shi, amma wanda ya ƙi ɓacewa ya ratsa launi ya kai na shimfiɗa, kuma ƙarin gogewa zai cinye rufin da ke gefensa ne kawai. Ki duba lambar launin motar a kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ko a cikin gidan injin, ki kai wa mai haɗa fenti ya haɗa miki kaɗan, a cike layin da siririn buroshi, a bar shi ya bushe sosai kafin a daidaita samansa. Ki yi wannan kafin damina ta sauka.