Musayar Waƙa a Kan Helen Ward, 'Yar Wasan Gaban Wales

Mai Alƙalami:

Sallama gare ku, ma'abota baiti,
Na zo da batun 'yar wasan gaba mai saiti,
Helen Ward, wadda Wales ta ba wa riga,
Ita kuma ta saka mata da ƙwallaye masu yawa.

A 1986 aka haife ta a birnin Landan,
Tun tana yarinya ta shiga ƙungiyar Watford,
A can ta girma har aka ba ta kyaftin,
Sai manyan ƙungiyoyi suka lura da wannan baiwa.

A 2009 Arsenal ta ɗauke ta,
Daga nan Chelsea ta karɓe ta,
Reading da Yeovil duk sun gan ta,
A 2017 kuma Watford ta yi mata barka da zuwa.

Wasanni 105 ta buga wa ƙasarta,
Ƙwallaye 44 aka rubuta da sunanta,
Ko Gareth Bale, duk da shahara da bajinta,
A 41 ya tsaya, ga lissafin nan ga mai dubawa.

Autan Mawaƙa:

Allah ya ƙara wa Malam basira da lafiya,
Amma a bar ƙarami ya faɗi tasa gaskiya:
Wadda aka haifa a Landan, ta tashi a Ingila gaba ɗaya,
Me ya haɗa ta da Wales da ake ta wannan yabawa?

Ta taɓa sa rigar matasan Ingila,
Shin da babbar tawagar can ta yi mata kira,
Da za ta waiwayi Cardiff ko da wasa?
Wannan tambaya ce mai buƙatar amsawa.

Sannan 44 ɗin nan a tsaya a tantance,
Domin shida a wasa ɗaya ta zuba su a jere,
A 2010, ranar da Azabaijan ta sha 15 babu ko ɗaya,
Irin wannan raga ai kowa yana iya zurawa.

Babbar maganar ita ce wadda Malam ya tsallake:
Duk shekarun da ta yi a gaba tana miƙe,
Ƙofar Kofin Duniya da ta gasar Turai suna kulle,
Wales ba ta shiga ba, to ina amfanin ƙirgawa?

Uwargida:

Auta, ƙanena, sannu da kaifin harshe,
Zan bi maganarka daga farko har ƙarshe.
Kakanta na wajen uwa a Wales yake da tushe,
Dokar ƙwallo kuwa ta yarda jika ya bi kaka, babu musawa.

Ta fara a 2008, a karawa da Lukzambak,
A ranar ma ta ci, Wales ta tashi da 6 da 1,
Wadda ta zo don rashin madafa ba ta kaiwa 2023
Tana amsa kiran ƙasa, babu gajiyawa.

Batun shida a ragar Azabaijan kuma,
'Yan wasa goma sha ɗaya Wales ta sa a fili,
Raga ɗaya ce a gaban kowaccensu,
To me ya sa rabon Ward ya fi na kowa?

Akwai lissafin da ku maza ba ku cika yi ba:
Sau biyu ta bar fili, kuma ba don rauni ba,
A 2014 da 2017, amma ba ta zauna ba,
Ta koma atisaye bayan kowace haihuwa.

Duk wadda ta yi jego ta san abin da nake nufi,
Jiki ya yi nauyi, ga dare babu barci mai zurfi,
Da safe a ɗaura takalmi a nemo tsohon ƙarfi,
A yi tsere da 'yan matan da ba su da wannan damuwa.

Ka kuma tuna Watford ta zauna a rukuni na uku,
Inda 'yan wasa ke haɗa ƙwallo da wani aiki,
Daga can ake kiranta ta fuskanci manyan 'yan wasa,
Ƙwararrun da ƙwallo ce kaɗai sana'arsu a rayuwa.

Mai Alƙalami:

Hajiya, kin biya mu, Allah ya saka da alheri,
Saura batun gasa, bari in bi shi da tsari,
Domin a nan Auta ya taɓa wuri mai tsauri,
Kuma ba na jin akwai amfanin ɓoyewa.

A 2018 Wales ta riƙe Ingila babu ci a Southampton,
Aka zo Newport, Ingila ta zura uku ta tafi,
Tikitin Kofin Duniya na Faransa ya kuɓuce,
A lokacin Jayne Ludlow ce ke horarwa.

Wanda ya fi ciwo shi ne na neman Kofin Duniya a Oktoban 2022,
A Zurich Wales ce ta fara cin Suwizalan,
Aka rama, aka yi ƙarin lokaci, ana jiran fenariti,
Sai ta biyu ta faɗa ana dab da usur ɗin rufewa.

A Maris ɗin 2023 ta ajiye rigar ƙasa,
Ta ƙarasa kakar wasanni da Watford ɗinta,
Suka doke Nottingham Forest da ci ɗaya mai ban haushi,
Suka hau rukuni na biyu, ta yi sallama da bugawa.

A ganina, Auta, 'yar wasan gaba guda ɗaya
Ba ta kai ƙasa gasa in babu tsakiya da baya,
Da hukuma mai zuba kuɗi ta share hanya,
Wannan kuwa a zamaninta ya yi jinkirin isowa.

Sai a Janairun 2023 hukumar ƙwallon Wales
Ta daidaita ladan wasa tsakanin mata da maza,
Watanni biyu kacal kafin Ward ta bar tawagar,
Ita da ta sha wahalar ta tafi ana fara morewa.

Autan Mawaƙa:

Na karɓi batun kaka, na sallama a batun jego,
Amma 44 ɗin nan yanzu ba shi ne a sama ba,
Jess Fishlock ta ci ta 45 a ragar Kosobo
A Yulin 2024, kuma 'yar tsakiya ce, abin dubawa.

Da ita aka doke Ailan a Dublin a Disamba,
Wales ta je gasar Turai ta 2025 karon farko,
Ita ta ci musu ƙwallon farko, a ragar Faransa,
Don haka ni a wajena Fishlock ce gaban kowa.

Uwargida:

Fishlock gwana ce, ba ni da ja a kanta,
Amma sai da ta haura wasa 150 ta kai 45 ɗinta,
Ward a wasa 105 ta tara 44 nata,
Ɗauki alƙalami ka raba, Auta, muna jiran ka da dawowa.