Kanada: kowane gari da irin sanyinsa

Da muka zauna hira da 'yan uwan da suka daɗe a Kanada, abin da suka fi nanatawa shi ne: kafin ka sayi rigar sanyi, fara sanin garin da za ka sauka.

Bankuba, can gaɓar tekun Fasifik, sanyinta da sauƙi, sai dai ruwa ba ƙaƙƙautawa daga Nuwamba har Maris. Lema ce abokiyar tafiya. Winifeg kuwa wata duniya ce. A Janairu awo kan kai digiri 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, har wani ya ce gashin hancinsa kan daskare kafin bas ta iso. Shawararsa: a sa tufafi hawa-hawa, a rufe kunne da yatsu, jaket kuma a bari sai an isa a saya. Ta hunturun Kano ba za ta yi komai ba. Mota ma jona ta ake yi da lantarki cikin dare don injin ya tashi da asuba.

Kalgari tana da iskar Cinuk, wata iska mai ɗumi da ke narkar da ƙanƙara cikin sa'o'i.

Zafi ma kada a raina shi: a Yunin 2021 zafi a ƙauyen Liton ya kai digiri 49.6.