Atisayen Sauraro a Gida Bayan Dashen Na'urar Ji

Wata uwa, Kubwa: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da aka kunna wa ɗiyata mai shekara uku na'urar jin da aka dasa mata. Kowace safiya nakan zauna a bayanta in furta sautukan Ling guda shida da ake gwada ji da su, wato a, u, i, m, sh da s, ita kuma ta jefa murfin kwalba a kwano duk wanda ta ji. Har yau s yana kuɓuce mata. Ina roƙon waɗanda suka riga mu su ba mu shawara.

Tsohon malamin makaranta, Gwagwalada: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya. Ni da girmana jina ya ɗauke, kuma a makonnin farko bayan an dasa mini na'urar, muryar iyalina kamar ana buga gwangwani nake jin ta. Manhajojin atisayen da na samu duk na Turanci ne, alhali da Hausa nake ciniki a kasuwa, da ita nake gaisawa a masallaci. Na'urata siraran wayoyi 22 gare ta a cikin kunne, su ne ke aikin dubban ƙwayoyin ji, shi ya sa hawa da saukar murya ke yi mata wuya, Hausa kuwa a kansu ta dogara. Sai na rubuta kalmomi bibbiyu, jikana yana karanta mini su bayan Magariba na minti 20, ya kare bakinsa da ƙyalle don kada in karanci leɓɓansa. Na fara rarrabe kafa da ƙafa, daga baya garin tuwo da garin zama. Amma idan ya faɗi “kuka” ita kaɗai, har gobe ban san ta miya yake nufi ko na jariri ba.

Wani ɗalibi, Nyanya: Baba, ni karatun Alƙur'ani ya taimake ni, ina sauraro ina bin ayoyin da yatsa, domin kunnena ya san su tun ina yaro. Daga nan na koma labaran rediyo, yanzu kuma da gangan nake zama kusa da janareton maƙwabcinmu ina sauraro, don in saba ji a cikin hayaniya.

Malamin ya ƙara da cewa: Hajiya, s sauti ne siriri ƙwarai. Ki riƙa rubuta ranakun da ba ta ji shi ba, ki kai wa masanin ji takardar ranar daidaita na'ura.